Giyar atomatik ta a-kori-kura mai jan tirela: me ya kamata a fara gyarawa?

Tambaya: Wani mai karatu ya rubuto cewa yana da a-kori-kura ƙirar Amurka mai injin fetur silinda takwas da giyar atomatik mai hawa huɗu. Motar ta yi tafiyar kusan kilomita 200,000, kuma yana jan tirela mai nauyin kimanin tan biyu da rabi da ita. Ya cire tayoyin da ta zo da su masu tsayin inci 31, ya sa masu inci 35. Yanzu giyar tana jinkiri tsakanin ta biyu da ta uku, idan kuma ya kama hawa sai ta riƙa kai da komo tsakanin ta uku da ta huɗu. An ba shi shawarar ya sayi kayan da ke sa giya ta shiga da ƙarfi, ya kuma canza konbata, wato na'urar da ke miƙa ƙarfin inji ga giyabos. Yana son ya san ko shawarar daidai ce, da kuma inda ya kamata ya fara.

Amsa: Malam, shawarar da aka ba ka tana da tushe, sai dai an fara maka da abin da ya kamata ya zo kusan ƙarshe. Ba kasafai nauyi kaɗai ke kashe giyabos na atomatik ba. Abin da ke cinye shi shi ne zafi, zafin kuma daga zamewa yake fitowa, wato duk lokacin da inji ke juyawa amma ƙarfinsa bai isa tayoyi cikakke ba. Saboda haka duk kuɗin da za ka kashe a kan wannan mota, ka auna shi da tambaya guda: shin wannan abu zai rage zamewa, ko kuwa zai fitar da zafin da zamewar ta haifar? Abin da bai yi ko ɗaya daga cikin biyun ba, ka jinkirta shi.

Bari in fara da konbata, tunda a nan mafi yawan zafin ke taruwa. Tana zaune tsakanin inji da giyabos, cike da mai, kuma a cikinta akwai fanka biyu masu fuskantar juna. Inji yana juya ta farko, ita kuma tana watsa mai da ƙarfi a kan ta biyu, wadda ke haɗe da sandar shiga giyabos. Akwai wata ƙaramar fanka a tsakiya da ke mayar da man yadda zai ƙara wa ta farko ƙarfi, shi ya sa a lokacin tashi konbata kan ninka ƙarfin murɗawar inji kusan sau biyu. Amma tunda mai ne ke ɗaukar ƙarfin, dole fanka ta biyu ta riƙa bin bayan ta farko. Ɗauki misalin inji yana juyi 2,000 a minti, fanka ta biyu kuma tana juyi 1,800. An yi asarar kashi goma cikin ɗari ke nan. Idan ƙarfin doki 100 ne ke ratsawa a wannan lokaci, ƙarfin doki 10 ya koma zafi, wato kimanin kilowat 7.5, kwatankwacin a kunna dutsen guga na lantarki guda bakwai a tsoma su cikin man giyarka. Don magance wannan ne aka sa wa konbata kuloci na kulle, wanda idan mota ta miƙe yakan haɗe fankar da murfin konbatar su zama abu ɗaya, zamewa ta tsaya. Duk lokacin da giyarka ke kai da komo a kan hawa, wannan kulocin yana saki yana kamawa, faya-fayan cikin giyabos ma suna saki suna kamawa, kowane sauyi kuma da nasa zafin.

Kafin ka sayi komai, sai an tabbatar da lafiyar giyabos ɗin, domin jinkirin da ka ambata tsakanin giya ta biyu da ta uku ya fi komai damuna a cikin tambayarka. Ka lura da agogon juyin inji a daidai lokacin sauyin. Idan allurar ta yi tsalle sama, inji ya yi kuka kamar an sa shi a firi, sannan giyar ta kama, to faya-fayan kuloci suna zamewa. A giyabos irin 4L60E na kamfanin General Motors, wanda ya fito a 1993 kuma yake cikin ɗimbin motoci irin taka, giya ta biyu tana aiki ne da wata ɗamara da ke riƙe ganga, ta uku kuma da rukunin faya-fayan da ake kira uku da huɗu. Dole ɗamarar ta saki a daidai lokacin da faya-fayan ke kamawa. Wannan rukuni shi ne sanannen raunin wannan giyabos, kuma tsallen juyin inji a wannan sauyi alama ce da makanikai suka daɗe da sani ta cewa ya fara ƙonewa.

Hanyar tabbatarwa ba ta da wahala. A kwance kaskon mai na ƙasan giyabos, a duba abin da ke ciki da idon basira. A kan maganaɗisun da ke manne a kaskon za ka ga wani laushin toka-toka mai santsi, wanda idan ka murza shi tsakanin yatsu ba ka jin tsakuwa. Wannan cin ƙarfe ne na yau da kullum, ba abin tsoro ba ne. Idan kuwa ka ga baƙin gari ya kwanta a gindin kaskon, man ya koma ruwan ƙasa mai duhu yana warin ƙuna, to fatar faya-fayan ce ta zube. Ƙyallin rawaya kamar na tagulla yana nuna bushi ko washa sun ci, gutsuttsarin ƙarfe masu kaifi kuma suna nuna haƙora ko boris. Man da ya yi kama da madara mai ruwan hoda yana nufin ruwan lagireto ya shiga ciki, wanda ke kwance mannin faya-fayai cikin ɗan lokaci. Bayan haka a jona na'urar bincike a karanta lambobin matsala da kwamfutar motar ta ajiye, a kuma ɗaura agogon matsin mai a gwada shi da adadin da littafin kamfani ya bayar. Idan binciken ya nuna faya-fayan sun ƙone, kayan ƙara matsi za su ɓoye matsalar na 'yan watanni ne kawai, sannan giyar ta tsaya maka da tirela a baya. A wannan hali gyaran ciki shi ne aikin farko.

Mu ɗauka an duba an sami ciki lafiya. Abu na gaba ba ya ma cikin giyabos, yana ƙarƙashin motar ne, wato tayoyinka. Taya mai inci 35 ta fi mai inci 31 girma da kusan kashi 13 cikin ɗari, kuma wannan daidai yake da a ce ka ɗaga kowace giya da wannan adadi. Idan difaranshiyal ɗinka, wato giyar da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya, mai lissafin 3.73 ne (sandar farfela ta juya sau 3.73 kafin taya ta juya sau ɗaya), da manyan tayoyin nan yana aiki ne kamar 3.30. Injin yana juyi ƙasa da inda ƙarfinsa yake, kai kuma kana ƙara taka totur, kwamfuta ta ga nauyi ya yi yawa ta sauko giya ta uku, gudu ya ɗan ƙaru ta koma ta huɗu, nauyi ya sake danne ta. Ga asalin kai da komon da kake gani. Don ka mayar da motar yadda take a da, kana buƙatar lissafi kusa da 4.21, saboda haka 4.10 zai kusa maido ta, 4.56 kuma zai fi dacewa da mai jan kaya a kai a kai. Idan motar mai jan ƙafa huɗu ce, dole a canza gaba da baya tare, lissafinsu ya zo ɗaya. Haka nan a shigar da sabon girman taya da sabon lissafin cikin kwamfutar motar, domin da gudun da take karantawa take yanke shawarar lokacin sauya giya. A ganina wannan gyara ya fi kowane kayan giyabos amfani a motarka, abin da ya fi shi arha kuma shi ne ka mayar da tayoyin asali a ranakun da za ka ja tirela.

Daga nan sai ka sami hanyar ganin zafin man giya kana tuƙi. Yawancin giyabos masu kwamfuta suna da ma'aunin zafi a ciki, kuma ƙaramar na'urar da ake jonawa a kafar bincike da ke ƙarƙashin sitiyari tana iya nuna adadin a waya. In ba haka ba, a sa agogo na musamman. Wurin da aka dasa ma'aunin yana da muhimmanci: wanda ke cikin kasko yana nuna matsakaicin zafi, wanda ke kan bututun da ke fita zuwa lagireto kuma yana nuna man da ya fito daga konbata, mafi zafi a cikin motar, don haka kada a gwama adadin biyun. A kasko, tsakanin digiri 80 da 95 na ma'aunin Salshiyas wuri ne mai kyau ga irin giyarka. Haurawa 105 na ɗan lokaci a kan doguwar hawa ba ta kashe giya. Zama a sama da 120 kuwa yana ƙona mai, yana busar da robobin da ke tare matsi, su taurare su fara yoyo. Masana mai suna da ƙa'idar cewa kowane ƙarin digiri goma yana kusan ninka saurin lalacewar mai, shi ya sa bambancin 95 da 115 ya fi yadda ake zato girma. Sababbin giyabos masu hawa takwas ko goma an tsara su su yi aiki da ɗan zafi fiye da tsofaffi, saboda haka mai irin waɗannan ya bi adadin kamfaninsa.

Idan akwai abu ɗaya da zan ce kowane mai jan tirela ya saya, to ƙarin abin sanyaya man giya ne, wato ƙaramin lagireto da ake ɗaurawa a gaban babban. Yawancin motoci suna sanyaya man giya ne ta wani ɗan bututu da ke cikin tankin lagireto, kuma wannan ya isa ga motar da ba ta da kaya. Akwai iri uku a kasuwa. Mai bututu ɗaya da ke lanƙwasa tsakanin fika-fikai shi ne mafi rauni. Mai faranti da fika-fikai ya fi shi, sannan mai farantai jere a kan juna shi ne mafi ƙarfin sanyayawa gwargwadon girmansa, kuma ya fi jure tsakuwar hanya. A wajen jona shi ne mutane kan yi kuskure. Mai ya fito daga giyabos, ya fara ratsa na cikin lagireto, sannan ya shiga sabon, sannan ya koma gida. Wannan na nufin a kan bututun komawa ake jona shi, kuma ana gane wannan bututu ta hanyar taɓa biyun bayan ɗan tuƙi, wanda ya fi sanyi shi ne na komawa. Kada a yi amfani da tiyo ko mahaɗa da suka fi bututun asali ƙanƙanta, domin man da ke dawowa shi ne ke shafe haƙoran giya da bushi, rage gudunsa kuma ɓarna ce da ba a gani sai ta yi nisa. Tiyon ya zama na man giya, ba na fetur ba, a nesanta shi da salansa da duk wani kaifin ƙarfe. A ƙasashe masu tsananin sanyi ana sa bawul da ke kauce wa abin sanyayawar har sai mai ya ɗumama, domin mai sanyi ƙwarai ma ba ya aiki daidai, kuma kwamfuta ba ta kulle konbata sai zafi ya kai wani mataki.

Kasko mai zurfi na alminiyum yana ƙara yawan mai, wanda ke jinkirta hawan zafi amma ba ya hana shi. Babban amfaninsa shi ne mazurarin da ke sauƙaƙa canjin mai. Idan ka sa shi, ka tabbatar bakin filta ya kai ƙasa yadda ya kamata.

Shi kansa man, kada a yi masa kallon abu ɗaya ne a ko'ina. Kowane kamfani ya tsara faya-fayansa da irin santsin mai na musamman. General Motors ya fara amfani da Dexron VI a motocin 2006, kuma ya maye gurbin Dexron III a tsofaffin giyoyinsa na atomatik. Ford yana da Mercon V da Mercon LV, da kuma Mercon ULV na giyarsa mai hawa goma, kuma ba a musanya su da juna. Motocin Dodge da Ram masu giyar Chrysler suna son ATF+4, Toyota kuma yana da WS a sababbin motocinsa. Littattafan kamfanoni suna lissafa jan tirela cikin aiki mai tsanani, wanda ke rage tazarar canjin mai sosai. Ni shawarata ga mai ja a kai a kai ita ce a canza mai da filta tsakanin kowane kilomita 50,000 zuwa 60,000, ko ƙasa da haka idan man ya taɓa wuce digiri 120 na dogon lokaci. Ka sani cewa kwance kasko yana fitar da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin man ne kawai, sauran yana cikin konbata da bututai, don haka a motar da ta daɗe ba a canza mata ba, gara a zubar a cika sau biyu ko uku da tazara a tsakani. Magungunan kwalba da ake cewa suna hana zamewa ba na ba da shawararsu. Yawancinsu kumbura robobi suke yi ko ƙara wa mai kauri.

Yanzu mun iso kayan da aka ce ka saya. A ƙarƙashin giyabos akwai gidan bawul, wani faranti mai cike da ƙananan hanyoyin mai, da bawul da sifirin da solinoyid (bawul ɗin da lantarki ke buɗewa da rufewa), kuma shi ke tura mai zuwa kowane kuloci. Kamfanonin mota suna tsara shi yadda sauyi zai zo da laushi, direba bai ji ba, laushin kuma ana samunsa ne ta barin faya-fayai su ɗan zame kafin su kama. A mota marar kaya wannan ba komai ba ne. Da tan biyu da rabi a baya, kowane ɗan zamewa ƙuna ce. Kayan gyaran sauyi, irin na TransGo da makamantansu, suna faɗaɗa wasu ramuka a farantin da ke raba hanyoyin, suna canza wasu sifirin, suna kuma ƙara matsin mai lokacin da aka taka totur, ta yadda kulocin zai kama cikin gaggawa. Wannan abu ne mai kyau, muddin an zaɓi matakin da aka yi don jan kaya. Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan giya ta shiga da bugu har mota ta zabura, to ta yi ƙarfi. Bugun nan yana sauka ne a kan haƙoran giya, da sandar farfela, da difaranshiyal, kuma da tirela a baya yana iya sa tayoyi su kufce a jiƙaƙƙiyar hanya. Sauyin da ake nema shi ne gajere, tsaf, wanda za ka ji shi amma bai girgiza ka ba. Ka guji mai gyaran da zai ce zai toshe ma'ajiyar da ke sassauta matsi gaba ɗaya, ko ya huda ramuka fiye da yadda takardar kayan ta ce, domin ramin da aka faɗaɗa ba ya komawa.

Akwai wani abu da ake mantawa a motar da ta yi kilomita 200,000. Bawul na kai da komo a cikin ramin alminiyum sau miliyoyi, ramin yakan ci, mai ya riƙa sulalewa ta gefe, matsi ya ragu. A 4L60E ramin bawul ɗin da ke sarrafa kulocin konbata ya yi suna wajen wannan, kuma shi ke yawan jawo lambar matsala P1870. Sabon sifirin a tsohon rami ba ya magance yoyo. Kamfanoni irin Sonnax suna yin bawul masu ɗan kauri da ake gyara ramin a sa su, kuma gareji na ƙwarai yana gwada gidan bawul da na'urar zuƙar iska don gano inda ya ci kafin ya sa kayan sauyi. A wannan giyabos ana kuma sa fistan mai faɗi na irin motar Corvette a wurin da ke matse ɗamara, abin da ke ƙara mata riƙo a giya ta biyu ba tare da an sauke giyabos ba.

Ga masu sababbin motoci, irin 6L80 na General Motors, ko 6R80 da 10R80 na Ford, ko 68RFE na Ram, lamarin ya sha bamban, domin kwamfuta ce ke sarrafa matsin kowane kuloci kai tsaye, don haka babban gyaran sauyi ana yinsa ne a cikin manhajarta. Ƙwararre zai iya ɗaga wurin sauyi, ya ƙara matsi daidai gwargwado, ya sa konbata ta kulle da wuri. Sai dai akwai tsarin da kamfani ya sa na rage ƙarfin inji na ɗan ƙiftawar ido a lokacin sauyi, don faya-fayai su kama ba tare da cikakken nauyi a kansu ba. Wasu masu gyara suna cire shi don mota ta ji kamar ta ƙara ƙarfi, kuma ga mai jan kaya wannan hanya ce ta kai giyabos ƙasa da wuri. Waɗannan giyoyi suna koyon yanayin faya-fayansu, saboda haka bayan kowane gyara a goge abin da suka koya a bar su su sake koyo ba tare da tirela ba. Wanda motarsa ke cikin garanti ya sani cewa taɓa manhaja na iya soke shi.

Konbata kuwa, canza ta yana buƙatar sauke giyabos, shi ya sa nake cewa a haɗa shi da gyaran ciki. Abin da za ka kula da shi shi ne adadin juyin da take barin inji ya kai kafin ta ja mota da gaske. Masu tsere suna son mai adadi sama, 3,000 ko fiye, don inji ya fara tashi kafin mota ta motsa. Wannan ita ce mafi munin zaɓi ga mai tirela, domin zamewa take ƙarawa. Kai kana buƙatar mai adadi daidai da na asali ko kusa da shi, mai ingantaccen kulocin kulle da murfi mai kauri wanda ba ya lanƙwasa da matsi. Masu injin dizal da aka ƙara wa ƙarfi su ne ke buƙatar konbata mai faifai uku; a injin fetur da ba a taɓa ba, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Idan ta kama a buɗe giyabos ɗin, to a nan ne ake kashe kuɗi da hujja. A 4L60E a sa faya-fayai masu inganci a rukunin uku da huɗu, a canza kwanon ƙarfen da ke juya giyar tsakiya da mai tauri, domin na asali yakan tsage ko haƙoransa su cinye, mota ta rasa giya ta biyu da ta huɗu da ribas a lokaci guda. Ana iya sa jerin haƙora mai ƙananan giya biyar irin na 4L65E a maimakon mai huɗu, a sa ɗamara mai faɗi tare da ganga sabuwa mai santsin fuska, a kuma gyara famfon mai. Wanda ke jan nauyi kullum yana iya tunanin komawa 4L80E, wanda ya fito a 1991 daga zuriyar TH400 kuma aka yi shi don manyan motoci. Amma aikin ba ƙarami ba ne: ya fi nauyi da girma, yana buƙatar gyaran sandar farfela da mazauni da wayoyi da manhaja, kuma lissafin giyarsa ta farko 2.48 ne a maimakon 3.06 na 4L60E, don haka tashi zai yi nauyi idan ba a gyara difaranshiyal ba. Ga tan biyu da rabi, giyabos ɗinka da aka gyara da kyau aka kuma sanyaya shi zai iya.

Dole in faɗa maka wani abu da masu sayar da kaya ba sa so su faɗa. Babu gyaran giya da zai ƙara nauyin da aka amince motarka ta ja. Wannan adadi ya dogara da birki, da shasi, da sifirin, da tayoyi, da lagireto, da wurin ɗaura tirela. A jikin ƙofar direba akwai takarda mai ɗauke da GVWR, wato iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, a littafin mota kuma akwai GCWR, iyakar nauyin mota da tirela a haɗe. Manyan kamfanoni yanzu suna fitar da adadin ja ne bisa ƙa'idar SAE J2807, wadda a cikin gwaje-gwajenta akwai hawan Davis Dam a jihar Arizona ta Amurka, tafiyar mil 11.4 a zafin da bai gaza digiri 37.8 ba, da na'urar sanyaya ɗaki a kunne. Tsofaffin motoci ba a gwada su da wannan ba, don haka barin rata a ƙasa da adadinsu hikima ce. Ka kai motar kan sikeli da cikakken kaya ka san gaskiyar nauyinka. Nauyin da ke sauka a kan maɗaurin ya kasance kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela, wato kilo 250 zuwa 375 a wurinka, kuma wannan yana cikin lissafin kayan da motar ke ɗauka. Tirela mai wannan nauyi tana buƙatar birkin kanta.

Yadda kake tuƙi ma yana cikin gyaran, kuma ba ya cin ko kwabo. Idan motarka tana da maɓallin Tow/Haul, ka danna shi duk lokacin da tirela ke baya, domin yana jinkirta hawa giya yana rage kai da komo. Da zarar giyar ta fara neman wuri tsakanin ta uku da ta huɗu, ka ja ta zuwa 3 ka bar ta a nan. A giyabos irin 4L60E, giya ta uku ɗaya bisa ɗaya ce, jerin haƙoran suna juyawa a dunƙule, ta huɗu kuma 0.70 ce, wadda ke danne inji ƙwarai. Kukan inji a juyi 3,000 ba ya cutar da shi, kuma yana sa famfon mai da famfon ruwa su yi aiki sosai. A gangara ka sauko giya tun daga sama don inji ya riƙe nauyin. Kada ka riƙe mota a kan tudu da totur, ka taka birki. Yin ribas da tirela a hankali a kan tudu ko yashi yana ɗaga zafi da sauri fiye da gudun babbar hanya, domin konbata a buɗe take kuma babu iska, saboda haka mai jan ƙafa huɗu ya yi amfani da ƙaramar giya ta 4L a ƙasa mai laushi. Idan ka tsaya a gangara, ka ja birkin hannu ka bar nauyin ya zauna a kansa kafin ka sa P, don kada ɗan ƙarfen da ke kulle giya ya ɗauki nauyin mota da tirela.

Bayan duk wani gyaran ciki, kada ka yarda a mayar da tsohon abin sanyayawa da bututansa ba tare da an wanke su da na'ura ba, ko ma a canza su, domin garin tsofaffin faya-fayai yana maƙale a ciki kuma kai tsaye zai koma cikin sabon aikin. A auna mai da zafinsa, inji na aiki, mota a shimfiɗaɗɗen wuri, bayan an ratsa kowace giya. Wasu tsofaffin Dodge a N ake auna su, a motocin da ba su da sandar awo kuma ana buɗe toshiyar awo ne a zafin da kamfani ya ƙayyade. Ka yi 'yan ɗaruruwan kilomita ba kaya, ka sake duba mai da mahaɗan tiyo, sannan ka ɗaura tirela ka nufi hawan da ka sani. Idan agogo ya doshi 115 yana ci gaba da hawa, ka rage gudu ka sauko giya, in bai sauka ba ka tsaya a gefe, ka sa P, ka bar injin yana aiki don man ya ci gaba da zagayawa har zafin ya sauko.